Idan alfadari ba ya haihuwa, wace rawa barbara tsakanin jinsuna ke takawa a daji?

Tambaya: A makaranta an koya mana cewa jinsunan halittu daban-daban ba sa hayayyafa da juna, in ma sun haifa, abin da aka haifa ba ya haihuwa, kamar alfadari. Amma yanzu ina jin masana na cewa barbara tsakanin jinsi da jinsi tana da babban tasiri a rayuwar daji. Wane tasiri ne wannan? Kuma alheri ne ko ɓarna?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka koya maka gaskiya ne a kan alfadari, sai dai alfadari ba shi ne ma'aunin dukkan halittu ba. Doki yana da kuromosom 64, jaki yana da 62, ɗansu ya tashi da 63. Kuromosom su ne ƙullin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mai rai, kuma duk lokacin da jiki zai samar da maniyyi ko ƙwan haihuwa, dole na uwa da na uba su jeru bibbiyu kafin a raba su. A jikin alfadari jerin ba ya daidaituwa, shi ya sa haihuwa take gagara. To amma doki da jaki sun rabu tun miliyoyin shekaru. Akwai jinsuna masu ɗimbin yawa da rabuwarsu ba ta yi wannan nisa ba, kuma 'ya'yansu suna rayuwa, suna haihuwa.

Masani James Mallet ya tattara bayanai a shekarar 2005, ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 25 cikin 100 na jinsunan tsirrai, da kusan kashi 10 cikin 100 na jinsunan dabbobi, sukan yi barbara da wani jinsi na kusa da su. Kada ka ɗauki wannan da cewa daji cike yake da ruwa-biyu, wato 'ya'yan da jinsuna biyu suka haɗu suka haifa. A yawancin waɗannan jinsuna, ɗaiɗaiku ne ƙwarai ke ƙetare iyaka. Abin da ke raba jinsi da jinsi ya fi kama da dangar kara fiye da katangar siminti: tana raba gida da gida, kowa ya san nasa, amma akwai 'yan kafofin da abu kan kurɗa. Ko rashin haihuwar ma ba koyaushe yake kama kowa ba. Tun 1922 J.B.S. Haldane ya lura cewa idan ɓangare ɗaya ne kawai na 'ya'yan ya kasa haihuwa, to a dabbobi masu shayarwa maza ne, a tsuntsaye da malam-buɗe-littafi kuma mata ne. Ɗaya ɓangaren yakan haihu, kuma wannan ya isa.

Dalilin da ya sa ya isa shi ne abin da ke faruwa a zuriya ta gaba. Ruwa-biyu ba kasafai take samun irinta ba, don haka sai ta koma ta yi barbara da jinsin uwa ko na uba. 'Ya'yanta sun zama kashi 3 cikin 4 na wannan jinsin, jikoki kashi 7 cikin 8, haka baƙon jinin zai riƙa raguwa da rabi a kowace haihuwa har ya kusa ɓacewa. Sai dai in akwai wani guntu a cikinsa da ke taimakon mai ɗauke da shi ya rayu ya bar zuriya. Wannan guntun ba ya ɓacewa, yaɗuwa yake yi. A ƙarshe za ka ga jinsin yana nan yadda ka san shi, kamanninsa da ɗabi'unsa ba su canja ba, amma ya ari wata baiwa guda daga maƙwabcinsa. A ganina wannan aron shi ne babban aikin barbara a daji, ya fi samar da sabon jinsi yawa da muhimmanci, duk da cewa ido ba ya ganinsa. Jinsin da yanayi ya juya masa baya zai iya jiran sabon sauyi mai amfani ya auku a ƙwayoyin gadonsa, wanda zai iya ɗaukar dubban haihuwa ko ya ƙi zuwa sam. Abin da aka aro kuwa an riga an gwada shi shekara da shekaru a jikin wani.

Misalin da ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne sauron da ke yaɗa zazzaɓin maleriya. A Afirka ta Yamma akwai jinsuna biyu da ido ba ya iya bambance su, Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii, har sai a 2013 aka ba na biyun sunansa na kansa. Na farko ya fi son yin ƙwai a 'yan kududdufan da ruwan sama ya bari, na biyu kuma a ruwan da ke daɗewa, irin na gonakin shinkafa. Da magariba mazan kowane jinsi sukan yi nasu cincirindon daban, saboda haka haɗuwarsu ba ta da yawa. Gambiae yana ɗauke da wani sauyi da ake kira kdr, wanda ke rage ƙarfin maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi. A wani ƙauye a kudancin Mali inda masu bincike suka daɗe suna bibiyar sauro, coluzzii bai da wannan sauyi kafin 2006. A wajejen wannan shekara aka samu barbara tsakaninsu, daidai lokacin da gidan sauro mai magani ya yawaita a yankin, kuma cikin 'yan shekaru sauyin ya game yawancin coluzzii na wurin. Jinsunan biyu ba su narke sun zama ɗaya ba. Kowa ya ci gaba da zama a ruwansa, amma ɗaya ya karɓi garkuwar ɗaya. An ga irin haka a Ghana ma. Wannan ba dalilin barin gidan sauro ba ne ko kaɗan, domin har yanzu yana ceton rayuka, amma yana nuna cewa mai yaƙi da sauro dole ya sa ido kan jinsunan biyu tare.

Irin wannan aro ba shi da iyaka. Ɓeran gida a Turai ya sami juriyar wafarin, gubar da ake kashe ɓera da ita, daga wani ɓeran daji da ke zaune a Arewacin Afirka da Sifen, kuma binciken 2011 ya tarar da wannan gado har a ɓerayen Jamus, inda mai asalin gadon ba ya rayuwa. Akwai zomon Amurka ta Arewa da gashinsa kan koma fari da hunturu don ya saje da dusar ƙanƙara. A yankunan arewa maso yamma da ƙanƙarar ba ta daɗewa, wasunsu suna zama ruwan ƙasa duk shekara, kuma an gano a 2018 cewa daga wani zomon fili mai baƙar wutsiya suka aro wannan. Farin zomo a kan baƙar ƙasa abincin mafarauta ne, don haka aron ya zama bambancin rai da mutuwa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe sosai: ba jinin ruwa-biyu kaɗai ke yanke hukuncin ko zai rayu ba, wurin da ya faɗo shi ke yankewa. Babu inda aka ga haka ƙarara kamar a Daphne Major, wani ɗan tsibiri a Galapagos na ƙasar Ekwado, inda ma'aurata Peter da Rosemary Grant suka shafe kusan shekara 40 daga 1973 suna sa wa ƙananan tsuntsaye zobe a ƙafa, suna auna bakinsu, suna rubuta wa ya haifi wa. Akwai Geospiza fortis mai kaurin baki da ke fasa tsaba, akwai Geospiza scandens mai dogon baki da ke cin furanni da 'ya'yan kaktus. Ɗan tsuntsu yana koyon kuka daga ubansa, mace kuma tana zaɓen miji mai kuka irin na ubanta. Lokaci-lokaci wani ɗa yakan koyi kukan maƙwabci bisa kuskure, daga nan barbara take shigowa. A shekarun farko, 'ya'yan da aka samu ta haka ba su kai ga barin zuriya ba. Bakinsu tsaka-tsaki ne, bai iya fasa tsaba mai tauri da rani, bai kuma ƙware a kaktus ba. Sai ruwan El Nino na 1982 zuwa 1983, wato lokacin da ɗumamar tekun Fasifik ke jawo ruwan sama mai yawa a yankin, ya sauka na watanni, ciyayi masu ƙananan tsaba mai taushi suka rufe tsibirin. Nan take bakin da a da ba shi da amfani ya dace da abincin da ke akwai. Ruwa-biyu suka rayu, suka hayayyafa kamar iyayensu ko ma fiye, suka riƙa komawa ga jinsunan iyaye, har bakin scandens ya riƙa gajarta yana kusantar na fortis a shekarun da suka biyo baya. Jinin bai canja ba tsakanin 1980 da 1985. Abincin da ke ƙasa ne ya canja.

Masanin tsirrai Edgar Anderson ya faɗi kusan haka tun 1948. Ya lura cewa ruwa-biyu sun fi yawa inda aka dagula ƙasa, inda aka sare daji, aka yi kiwo, aka tona magudana, domin a nan ne ake samun mazauni tsaka-tsaki da ba na uwa ba, ba na uba ba. Inda kuwa babu irin wannan wuri, barbara kan tsaya a siririn layi ta daɗe a haka. A Turai baƙin hankaka na yamma da mai ruwan toka na gabas suna haɗuwa a wani ɗan zirin ƙasa da ya ratsa Jamus ya gangara arewacin Italiya, suna haihuwa da juna a can, amma dama da hagu kowa na nan da launinsa. Da aka karanta ƙwayoyin gadonsu a 2014, sai aka tarar kusan duka iri ɗaya ne, bambancin ya taru a wani ɗan yanki da ya shafi launin gashi da gani. Kowa ya fi son mai kama da shi, wannan kaɗai ya riƙe iyakar.

Sabon jinsi kuma fa? Yana faruwa, musamman a tsirrai. Mutum zai zaci ɗan jinsuna biyu dole ya tsaya a tsakiyarsu, amma ba haka abin yake ba daga zuriya ta biyu zuwa gaba. A ce juriyar gishiri tana rataye ga ƙwayoyin gado da yawa. Uwa tana da wasu masu ƙara juriya da wasu masu rage ta, uba ma haka, amma a gurabe daban. Idan gadon ya cakuɗa a jikoki, wani zai tattara masu ƙarawa na ɓangarorin biyu, ya fi kakanninsa duka juriya. Loren Rieseberg da abokan aikinsa sun nuna haka a furen-rana na daji a kudu maso yammacin Amurka. Jinsuna biyu, Helianthus annuus mai son ƙasar laka da Helianthus petiolaris mai son yashi, sun haifar da jinsuna uku: anomalus da ke tsirowa a kan tuddan yashi, deserticola a tsakiyar hamada, da paradoxus a fadamun gishiri na Teksas da New Mexico. Duk wuraren nan uku iyayen ba sa iya zama a cikinsu. Wannan shi ne sirrin ɗorewarsu, domin da a gefen iyaye suka tsaya, ƙurar furen iyaye za ta riƙa shigarsu har su narke su koma inda suka fito.

Tsirrai suna da wata hanyar da dabbobi ba su cika samu ba, wato ninka kuromosom. Idan tsiro ruwa-biyu ya kasa haihuwa saboda kuromosom ɗinsa ba su da abokan jeri, sai wani kuskure ya ninka su duka, to kowane ya sami abokinsa, haihuwa ta buɗe, kuma a lokaci guda ya rabu da iyayensa. Alkamar da duniya ke nomawa ta bi irin wannan hanya, gadon jinsunan ciyawa uku ne a cikin kuromosom ɗinta 42. An kuma ga abin ya faru a idon mutane a gaɓar tekun kudancin Ingila. Wata ciyawar fadamar gishiri, Spartina alterniflora, ta zo daga Amurka a ƙarni na 19, ta haɗu da 'yar ƙasa Spartina maritima kusa da Southampton. A wajejen 1870 aka ga ruwa-biyunsu, marar haihuwa, yana yaɗuwa ta saiwa kawai. Kafin ƙarshen ƙarnin ya ninka ya zama Spartina anglica, mai tsaba, mai ƙarfin da ya fi na iyayen. Tana kama laka tana ɗaga ƙasa, shi ya sa aka riƙa dasa ta a ƙasashe da dama don kare gaɓa. Daga baya aka ga ta cinye filayen taɓon da tsuntsaye masu ƙaura ke kiwo a kai. Ciyawa ɗaya ce, injiniya ya yaba mata, mai kula da tsuntsaye ya koka da ita, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

A dabbobi abin bai da yawa, amma a wancan tsibiri na Daphne an shaida shi. A 1981 wani baƙon tsuntsu namiji, babba, mai kuka daban, ya sauka. Binciken gado da aka wallafa a 2017 ya nuna daga tsibirin Espanola ya zo, tafiyar sama da kilomita 100. Ya haihu da macen fortis, 'ya'yansa maza suka gaji kukansa, matan tsibirin ba su kula su ba, sai zuriyar ta riƙa barbara a cikin kanta, ta zama tsatso mai zaman kansa cikin 'yan haihuwa kaɗan.

Wanda ya fi wannan girma yana Tafkin Biktoriya. Tafkin ya ƙafe, ya sake cika kusan shekara 15,000 da suka wuce, amma a ciki aka sami jinsuna kusan 500 na ƙananan kifaye 'yan dangin karfasa: masu kankare gansakuka a kan dutse, masu fasa katantanwa, masu cin ƙwari, masu farautar 'yan'uwansu, har da masu cin ɓawon jikin wasu kifaye. An daɗe ana mamakin yadda aka sami wannan yawa cikin lokacin da bai isa sababbin sauye-sauye su taru ba. A 2017 Joana Meier da Ole Seehausen da abokan aikinsu suka nuna cewa kakannin kifayen sun fito ne daga haɗuwar tsatso biyu da suka daɗe a rabe, ɗaya daga kogin Kwango, ɗaya daga saman Nilu. Haɗuwar ta tara gado iri-iri a wuri ɗaya, sai tafkin, da zurfinsa da duwatsunsa da haskensa mabambanta, ya riƙa rarraba shi kashi-kashi. Hatta ƙwayar gadon da ke sa wani kifi ya fi ganin ja a ruwa mai zurfi, wani ya fi ganin shuɗi a sama, iri biyunta sun samo asali daga tsatson nan biyu.

Akwai fannin da ake yawan mantawa, ga shi kuwa shi ne ainihin tambayarka: abin da ruwa-biyu ke yi wa maƙwabtansa. Itace ba ita kaɗai take rayuwa ba, akwai ƙwari da ke cin ganyenta, tsuntsayen da ke cin ƙwarin, da ƙananan halittun ƙasa da ke ruɓar da ganyen da ya zuba. Kowane jinsin itace yana da sinadaran da yake kare kansa da su. Idan jinsuna biyu suka haɗu, kariyar takan cakuɗe, wani lokaci ta yi rauni, wani lokaci ƙwarin ɓangarorin biyu su sami shiga. A bakin kogin Weber a jihar Utah, Thomas Whitham ya tarar a 1989 cewa wani ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ganye ya tattaru kusan gaba ɗaya a kan itatuwan Populus na ɗan yankin da jinsuna biyu ke barbara, alhali yankin ɗan kaɗan ne cikin dajin. Binciken da ya biyo baya a can da kuma kan itatuwan turare a Tasmaniya ya nuna irin waɗannan yankuna sukan tara nau'o'in ƙwari fiye da inda jinsi ɗaya yake shi kaɗai. Wanda ya sare su da sunan ba na asali ba ne, ya sare gidan halittu da yawa.

Masu haddasa cuta ma suna yi. Tsutsar tsargiya ta mutane da ta shanu jinsuna ne daban, amma a Senegal an sami tsutsotsin da ke ɗauke da gadon duka biyun a jikin yara, kuma irinsu aka gano lokacin da cutar ta ɓulla a kogin Cavu na tsibirin Kosika a Faransa daga 2013.

Sai ɓarnar, wadda ba ƙarama ba ce. Barbarar da ta haifi kifayen Biktoriya ita ce kuma take haɗiye su. Macen kifin tana zaɓen namiji ne da launinsa, ja ko shuɗi. Da aka sare dazuzzukan da ke kewaye, taki da ƙazantar birane suka kwarara cikin tafkin, ruwa ya yi duhu. Seehausen ya nuna a 1997 cewa inda ruwa ya gurɓace mace ba ta iya bambance launi, jinsuna suna cakuɗewa, inda da akwai biyu ko uku sai a tarar da ɗaya marar launi. Kowa ya san ɓarnar giwan ruwa da aka saka a tafkin a shekarun 1950 ya cinye jinsuna masu yawa, amma wannan ɗaya asarar ba a ganin gawa a cikinta. Kifi yana nan, yana haihuwa, jinsin ne ya tafi, tare da aikin da yake yi a tafkin. An ga irin haka a tafkunan Suwizalan bayan gurɓatar ruwa ta tsakiyar ƙarni na 20.

Hanya ta biyu ta ɓarna ita ce rinjayen yawa. Kyanwar daji ta Sikotilan ta zauna kusa da kyanwar gida kusan shekara 2,000 ba tare da sun cakuɗa sosai ba. Binciken 2023 ya nuna cakuɗar ta kankama ne daga wajejen ƙarshen shekarun 1950, bayan farauta da sare daji sun ragargaje ta dajin har mace ba ta samun namijin jinsinta. A 2019 wani rahoton masana ya ce ba ta da sauran yawan da za ta farfaɗo da kanta, shi ya sa a 2023 aka fara sakin waɗanda aka haifa a killace, guda 19, a tsaunukan Cairngorms, ana kuma yi wa kyanwoyin gida na yankin fiɗiya da rigakafi. Dubi tsarin abin da kyau: raguwa ce ta fara zuwa, barbara ta biyo baya ta ƙarasa. A Sifen kuma agwagwa mai farin kai ta ragu zuwa 22 kacal a 1977, aka sha wahala aka farfaɗo da ita, sai ga wata 'yar'uwarta ta Amurka, wadda ta kuɓuce daga wuraren kiwon tsuntsaye a Ingila ta yaɗu, ta iso tana barbara da ita daga farkon shekarun 1990. Birtaniya ta ɗauki mataki mai ɗaci na kashe baƙuwar daga 2005. Mutane da yawa sun ji zafin haka, ni ma ba na jin daɗin kisan tsuntsu, amma na yarda da matakin, domin mutum ne ya ƙetaro da ita teku, kuma abin da za a rasa ba shi da madadi.

Saboda haka idan ka ce alheri ne ko ɓarna, sai in ce ba a amsa wannan a dunƙule, sai an dubi lamarin da ke gabanka. Shin jinsunan sun saba haɗuwa da kansu, ko mutum ne ya kawo ɗaya, ko ya rushe abin da ke raba su? Shin yawansu ya yi kusa, ko ɗaya zai nutse a cikin ɗaya? Shin ruwa-biyun yana da wurin zama nasa? Kuma yana yin aikin da na asali ke yi a muhallin? Ba na goyon bayan masu ganin duk ruwa-biyu gurɓatacce ne da ya kamata a kawar, domin da an bi wannan ra'ayi da an hallaka furen-ranan fadamar gishiri, wanda yau doka ke karewa a Amurka. A tekun Karebiyan, manyan jinsuna biyu na murjanin Acropora, halittun teku da ke gina rassa masu tauri kamar dutse a ƙarƙashin ruwa, sun ragu matuƙa saboda cuta tun shekarun 1980, amma ruwa-biyunsu yana riƙe da wasu wurare marasa zurfi, yana ba kifaye mafaka. Haka kuma ba na tare da masu cewa a bar komai, barbara za ta ceci halittu daga ɗumamar yanayi. An yi ta yayata haɗin farin beyar na ƙanƙara da beyar mai ruwan ƙasa tun da aka tabbatar da na farko a tsibirin Banks na Kanada a 2006, amma guda 8 da aka bincika a yankin duk zuriyar uwa ɗaya ce. Ko da sun yawaita, beyar da ba ta ƙware a farauta kan ƙanƙarar teku ba ba ta maye gurbin wadda ta ƙware.

Lamari mafi wuya shi ne inda cakuɗar ta riga ta yi nisa, kuma Kalifoniya tana da misalinsa. Akwai wata halitta mai kama da ƙadangare, 'yar dangin kwaɗi, da ake kira salamanda, wadda 'ya'yanta ke girma a cikin tafki. A tsakiyar ƙarni na 20 masu sayar da abin ɗana ƙugiya suka kawo wani jinsinta daga Teksas suka zuba a tafkunan kwarin Salinas. Ya haɗu da na ƙasar, 'ya'yan suka fito manya, masu haɗama, suna cinye 'ya'yan kwaɗi da na sauran halittun tafki, har da 'ya'yan na asalin. Wasu 'yan ƙwayoyin gadon Teksas kuma sun yi gaba su kaɗai, sun shiga salamandan da ke nesa, waɗanda a ido da ɗabi'a 'yan ƙasa ne. Doka tana kare na asali tun 2004, to wa za a kira na asali? A ganina wanda ke ɗauke da ɗan guntun baƙon gado amma yana girma, yana ci, yana barin tafki a lokacinsa kamar ɗan ƙasa, ya cancanci kariya, wanda ya kamata a rage shi ne ƙaton da ke share tafki. An kuma lura cewa baƙon gadon ya fi yawa a tafkunan da aka tona don shayar da shanu, masu riƙe ruwa duk shekara, alhali ɗan ƙasa ya saba da tafkin damina mai ƙafewa da rani. Don haka aikin ba zai tsaya ga kama dabbar ana gwada jininta ba, dole ya haɗa da yadda ake tona tafkunan da tsawon lokacin da ake barin ruwa a cikinsu.